'Ya'yan Yaƙi a Gaban Kyamara: Tarihin Wata Al'ada ta Masu Shirya Finafinai

A cikin sana'ar shirya finafinai akwai wata al'ada da ta kai shekara tamanin ana bin ta, wato idan darakta ya ƙudurta nuna abin da yaƙi yake yi wa ƙananan yara, sai ya bar ƙwararrun 'yan wasa ya shiga kufai ko sansanin 'yan gudun hijira ko gefen titi, ya ɗauko yaron da masifar ta taɓa a zahiri, ya tsayar da shi gaban kyamara domin ya maimaita abin da ya gani da idonsa ko wani abu mai kama da shi. Wannan al'ada ta haifar da wasu daga cikin finafinai mafiya daraja a duniya, kuma ta taimaka wajen sauya yadda jama'a suke kallon yaƙi, domin ta janye hankalinsu daga kan janar-janar da tutoci ta mai da shi kan maraya mai neman abin da zai sa a bakinsa. Sai dai tarihin nata fuska biyu gare shi: akwai abin da mai kallo ya gani a majigi, akwai kuma abin da ya sami yaron da kansa a lokacin ɗaukar fim ɗin da bayan an tattara kaya an tafi. Fuska ta farko an rubuta littattafai masu yawa a kanta, ta biyun kuwa sai an bi ta a tsinto daga hirarraki da shari'o'i da labaran jaridu, alhali ita ce ma'aunin da ya fi dacewa a auna mutuncin sana'ar da shi.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, yaron da ake gani a fim galibi ɗan gidan sutudiyo ne, wato babban ɗakin da kamfani yake ginawa domin ɗaukar fim a cikinsa, kuma aikinsa shi ne ya ba da dariya ko ya sa a ji tausayi mai daɗi. Jackie Coogan, wanda ya fito tare da Charlie Chaplin a fim ɗin The Kid na shekarar 1921, ya tara dukiya mai tarin yawa tun yana ƙarami, amma da ya girma ya nemi abinsa sai ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun kashe mafi yawanta, har ta kai shi ga maka su a kotu a 1938. Wannan shari'a ce ta sa jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa doka a 1939 wadda ta tanadi a riƙa keɓe wa yaro ɗan wasa wani kaso na abin da ya samu har ya mallaki hankalin kansa. Abin lura shi ne, kariya ta farko da sana'ar ta yi wa yaro kariyar aljihunsa ce, domin a lokacin ba a fara tambayar abin da wasan yake yi wa zuciyarsa ba.

Asalin al'adar da ake magana a kanta ƙasar Italiya ce, kuma larura ce ta haife ta tun kafin a mai da ita aƙida. Babban sutudiyon birnin Roma, Cinecittà, wanda gwamnatin Mussolini ta buɗe a 1937, ya lalace a lokacin yaƙi, sannan aka mai da shi sansanin 'yan gudun hijira na tsawon shekaru, ga shi kuma babu kuɗi, babu isasshen faifan ɗauka. Saboda haka daraktoci irin su Roberto Rossellini da Vittorio De Sica suka fita titi da kyamarorinsu, suka yi aiki da hasken rana da ainihin gidajen da bom ya rusa da mutanen da ba su taɓa yin wasa ba, salon da masana suka sa wa suna neorealismo, ma'ana sabon salon nuna rayuwa yadda take ba tare da kwalliya ba. Fim ɗin Rossellini na 1945, Roma città aperta, ya ƙare ne da gungun yara suna komawa cikin gari bayan sun ga an harbe limamin cocinsu, kuma tun daga wannan fitowa yaro ya zama shaidan da ake kafa hujja da shi a kan manya. A 1946 De Sica ya fitar da Sciuscià, labarin wasu yara biyu masu goge takalman sojojin Amurka waɗanda burinsu su sayi doki, amma suka faɗa hannun 'yan kasuwar bayan fage, aka kai su gidan kaso na yara, inda hukuma ta raba kansu da dabara har abotarsu ta ƙare da mutuwa. Yaran biyu duka ba 'yan wasa ba ne. Ɗaya, Franco Interlenghi, ya zarce ya zama sanannen ɗan wasa, ɗayan kuma bai daɗe ba ya koma rayuwarsa ta da. Ko babban mutumin da De Sica ya ɗauko daga masana'anta ya fito a matsayin uba a fim ɗin Ladri di biciclette na 1948, wato ɓarayin keke, ya rasa aikinsa ba da jimawa ba bayan fim ɗin ya yi suna a duniya, kuma wannan ya nuna tun da wuri cewa yabon da ake yi wa fim ba lallai ya bi wanda ya ba da fuskarsa ba.

Ya kamata a tuna halin da nahiyar Turai take ciki a waɗannan shekaru, domin finafinan ba a sarari suka tsiro ba. Yara marasa adadi sun rasa iyaye ko sun rabu da su, wasu suna kwana a cikin baraguzai, wasu ba su san sunansu na yanka ba, kuma wannan ne ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa asusun UNICEF a ranar 11 ga Disamba 1946, da farko don ciyarwa da tufatar da yaran ƙasashen da yaƙi ya ɗaiɗaita. A cikin wannan yanayi Rossellini ya tafi Berlin a 1947 ya ɗauki Germania anno zero, wanda aka fitar a 1948, kuma ya sadaukar da shi ga ɗansa Romano da ya rasu yana ɗan shekara tara a 1946. Yaron da ya jagoranci fim ɗin, Edmund Moeschke, ɗan gidan masu wasan nishaɗin jama'a ne da ke yawo gari-gari, kuma ya fito a matsayin yaron da nauyin ciyar da gida ya faɗo kansa, wanda tsohon malaminsa mai aƙidar Nazi ya cusa masa ra'ayin cewa mai rauni bai cancanci rayuwa ba, har ya sa wa mahaifinsa marar lafiya guba, daga bisani ya faɗo daga saman wani rusasshen gini. Ƙarfin wannan fim yana cikin ƙin da ya yi na wanke yaron ko la'antarsa. Ya nuna cewa yaƙi yana ci gaba da aiki a cikin kan yaro bayan an daina jin ƙarar bindiga, kuma ya yi haka ne game da ɗan ƙasar da ta tayar da yaƙin, a lokacin da kusan babu mai son jin tausayin Bajamushe.

A shekarar ta 1948 ne kuma Fred Zinnemann, Bayahuden Ostiriya da iyayensa suka halaka a kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi, ya fitar da The Search, wanda aka ɗauka a kufan biranen Jamus, game da wani yaro da ya tsira daga sansanin Auschwitz yana yawo ba ya magana, mahaifiyarsa kuma tana bin sansanoni tana cigiyarsa. Ivan Jandl, yaron Chekoslobakiya da ya yi wasan, ba ya jin Turanci, haddace kalmomin ya yi da ka, amma ya yi abin da ya sa aka ba shi lambar Oscar ta musamman ta yara. Gwamnatin Kwaminis da ta karɓi mulkin ƙasarsa a wannan shekara ba ta bar shi ya je karɓar lambar ba, kuma hanyar da ta buɗe masa a waje ta toshe, ya ƙare rayuwarsa a 1987 ba tare da ya sake samun irin wannan dama ba. A Faransa kuwa René Clément ya yi Jeux interdits a 1952, inda wata yarinya 'yar shekara biyar da jiragen Jamus suka kashe iyayenta a kan hanyar gudun hijira ta 1940 ta shiga binne matattun dabbobi tare da wani ɗan ƙauye, suna satar alamun kaburbura suna kafawa, domin ta hanyar wasa kaɗai take iya fahimtar mutuwa. Fim ɗin ya ci babbar lambar bikin finafinai na Venis a shekarar.

Tarayyar Sobiyet, wadda ta yi asarar mutane fiye da miliyan ashirin a yaƙin, ta daɗe tana nuna yaro mayaƙi a matsayin gwarzon da za a yi koyi da shi, har sai da Andrei Tarkovsky ya zo da fim ɗinsa na farko a 1962, mai suna Ƙuruciyar Ivan, wanda ya ginu a kan gajeren labarin Vladimir Bogomolov. Ivan ɗan shekara goma sha biyu ne mai leƙo wa sojojin Sobiyet asirin abokan gaba, kuma Tarkovsky ya riƙa katse labarin da mafarkan yaron na mahaifiyarsa da rijiya da bakin ruwa, domin mai kallo ya gane cewa jaruntar da ake yabo ita ce ainihin ciwon, tun da babu abin da ya rage a cikin yaron in ban da neman fansa. Fim ɗin ya ci babbar lambar Venis, kuma da wasu masu sharhi na Italiya suka soke shi, masanin falsafar nan na Faransa Jean-Paul Sartre ne ya rubuta doguwar wasiƙa yana kare shi.

Inda al'adar ta kai matuƙa, kuma inda tambayar lafiyar yaron ta fi fitowa fili, shi ne fim ɗin Elem Klimov na 1985, Idi i smotri, wato zo ka gani. Klimov haifaffen Stalingrad ne, kuma yana yaro aka tsallakar da shi kogin Volga a 1942 birnin yana ci da wuta; abokin rubutunsa Ales Adamovich kuwa ya yi yaƙin sunƙuru a Belarus yana matashi. Labarin ya shafi shekarar 1943, lokacin da sojojin mamaya suke tara mutanen ƙauye a rumbu ko coci su cinna wuta, kamar yadda aka yi a Khatyn ranar 22 ga Maris na wannan shekara, inda aka kashe mutum 149, a cikinsu akwai yara 75, kuma fim ɗin da kansa ya ambaci ƙauyuka 628 na Belarus da aka ƙone tare da mazaunansu. Hukumomin Sobiyet sun riƙe rubutun kimanin shekara takwas kafin su yarda a ɗauka. Aleksei Kravchenko yana ɗan shekara 14 aka zaɓe shi, bai taɓa yin fim ba, aka kuma ɗauki labarin bi da bi daga farko zuwa ƙarshe cikin kimanin wata tara domin gajiya da firgici su taru a fuskarsa yadda suke taruwa a fuskar wanda yake kwaikwayo. An yi amfani da harsasai masu rai a wasu wurare, suna wucewa ta saman kansa, kuma saniyar da aka harbe a gefensa mutuwar gaske ta yi. Klimov ya bayyana daga baya cewa ya ji tsoron kada yaron ya taɓu, har ya nemi taimakon masanin sanya mutum barcin da ke kawar da hankali daga abin da ke faruwa, kuma ya yi hamdala da yaron ya koma makaranta da hankalinsa, ko da yake a rame. Furfurar da ta bayyana a kansa a ƙarshen fim ɗin aikin masu kwalliya ce, saɓanin jita-jitar da ta yaɗu, kuma Kravchenko ya girma ya zama ɗan wasa. Babu mai musun cewa wannan fim yana cikin mafiya gaskiya da aka taɓa yi game da yaƙi, amma tsirar da yaron ya yi ba ta halatta hanyar da aka bi ba, domin harsashi ba ya sanin cewa fim ake yi.

Hujjar haka ta riga ta faru shekara uku kafin fitowar fim ɗin Klimov, a ƙasar da take da dokokin kare yara 'yan wasa. A daren 23 ga Yuli 1982, ana ɗaukar wani sashe na Twilight Zone: The Movie a Kalifoniya, inda ake kwaikwayon yaƙin Biyetnam, fashewar da aka shirya ta kayar da jirgi mai saukar ungulu a kan ɗan wasa Vic Morrow da yara biyu da yake ɗauke da su, ɗaya ɗan shekara bakwai, ɗaya 'yar shekara shida, dukkansu suka mutu nan take. An ɗauki yaran aiki ne a ɓoye ba tare da izinin hukuma ba, domin doka ta hana sa yara aiki a irin wannan sa'a da kuma kusa da abubuwan fashewa. An gurfanar da darakta John Landis da wasu mutum huɗu, kotu ta sallame su a 1987, amma hatsarin ya tilasta wa kamfanoni da ƙungiyoyin ma'aikatan fim tsaurara ƙa'idojin kariya. Wata hanya dabam ita ce wadda Isao Takahata na Japan ya bi a 1988 da Hotaru no Haka, fim na zane mai motsi game da wani yaro da ƙanwarsa 'yar shekara huɗu da yunwa ta kashe bayan ruwan bama-baman da aka yi wa birnin Kobe a 1945. Marubucin labarin, Akiyuki Nosaka, ƙanwarsa ta mutu da yunwa a wancan lokaci, Takahata kuma yana ɗan shekara tara ya tsira daga harin da aka kai wa Okayama. Fim ɗin ya girgiza masu kallo a ko'ina ba tare da an tsayar da yaro ko ɗaya kusa da wuta ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya raunana da'awar cewa gaskiya ba ta samuwa sai an jefa yaro cikin haɗari.

Daga shekarun 1980 al'adar ta sami sabon gida a Iran, kuma dalilan haka biyu ne. Akwai cibiyar raya basirar yara da matasa da ake kira Kanun, wadda aka kafa a 1965, inda Abbas Kiarostami ya taimaka wajen buɗe sashen fim a ƙarshen shekarun 1960. Akwai kuma ƙa'idojin tace finafinai da suka biyo bayan juyin juya halin 1979, waɗanda suka taƙaita yadda ake nuna mu'amalar namiji da mace, har daraktoci suka gane cewa yaro yana iya ɗaukar maganar da babba ba zai iya furtawa ba. A lokacin yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988, Bahram Beyzai ya yi fim ɗin Bashu, labarin yaro baƙar fata mai jin Larabci daga lardin Khuzestan wanda bom ya kashe danginsa, ya ɓuya a bayan babbar mota ya tsinci kansa a Gilan ta arewa, inda wata mata manomiya da ba sa jin harshen juna ta riƙe shi duk da tsegumin maƙwabta. An kammala shi a 1986, amma sai 1989 aka bari ya fita. Bahman Ghobadi, Bakurde daga Iran, ya kai salon cikin Iraƙi da fim ɗin Turtles Can Fly na 2004, wanda ya ɗauka bayan faɗuwar Saddam Hussein, game da yaran wani sansani a kan iyakar Turkiyya da suke tono nakiyoyin da aka binne a gonaki suna sayarwa. Yaran da suka fito 'yan yankin ne, kuma guntulallun gaɓoɓin da ake gani a jikinsu nasu ne na gaske, har da yaron da ba shi da hannuwa yake kwance nakiya da haƙoransa.

A Afghanistan ne aka ga cewa haɗarin da ke bin yaro ɗan wasa ba ya ƙarewa ranar da aka kashe kyamara. Siddiq Barmak ya sami Marina Golbahari tana bara a titin Kabul, ya ba ta jagorancin fim ɗin Osama na 2003, labarin yarinyar da aka yi wa shigar maza a zamanin Taliban domin ta ciyar da gidansu, fim ɗin kuma ya ci lambar Golden Globe. Bayan shekaru, barazanar kisa ta sa ta nemi mafaka a Faransa. A 2007 kamfanin da ya shirya The Kite Runner ya jinkirta fitar da fim ɗin, ya kwashe yaran da suka yi wasan zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, saboda fargabar abin da zai same su a kan wata fitowa ta fyaɗe da ta haɗa ƙabilu biyu masu tsohuwar gaba, bayan iyalin ɗaya daga cikinsu sun ce ba a fayyace musu abin da ke cikin labarin ba tun farko. Darasin da ke nan shi ne, sa hannun uba matalauci a kan takardar da bai san abin da za ta jawo ba, ba ya zama yarda ta haƙiƙa, kuma baƙon darakta yana komawa ƙasarsa ya bar yaron da mutanen unguwarsu.

A daidai wannan zamani dokokin duniya suna sauyawa. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka amince da ita ranar 20 ga Nuwamba 1989, ta tanadi a sashe na 32 a kare yaro daga aikin da zai cutar da lafiyarsa ko tarbiyyarsa, a sashe na 39 kuma ta ɗora wa ƙasashe nauyin farfaɗo da yaran da yaƙi ya taɓa da mai da su cikin jama'a. Rahoton da Graça Machel ta Mozambik ta gabatar a 1996 game da tasirin yaƙi a kan yara ya kai ga ƙarin yarjejeniya a 2000, sannan Kotun Musamman ta Saliyo ta yanke hukunci na farko a duniya kan laifin sa yara aikin soja a 2007, Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya kuma ta sami Thomas Lubanga na Kwango da irin wannan laifi a 2012. Yaƙe-yaƙen Laberiya da Saliyo da gabashin Kwango suka sa yaro mai rataye da bindiga ya zama hoton da duniya take gane yaƙin Afirka da shi, masu fim kuma suka biyo baya. Newton Aduaka na Nijeriya, wanda ya yi ƙuruciyarsa a cikin yaƙin basasa na Biyafara, ya yi Ezra a 2007, inda ya ajiye tsohon yaro soja a gaban hukumar binciken gaskiya da sasantawa yana ƙoƙarin tuna daren da aka ɗura masa ƙwaya aka kai hari ƙauyensu, fim ɗin kuma ya ci babbar lambar bikin FESPACO na Wagadugu. Bafaranshe Jean-Stéphane Sauvaire ya ɗauki Johnny Mad Dog a Laberiya, daga littafin Emmanuel Dongala, da yaran da wasunsu sun riƙe bindiga da gaske, ya zauna da su kimanin shekara guda kafin a fara aiki, aka kuma kafa gidauniya don tallafa musu bayan fim ɗin ya fita a 2008. Rachel Mwanza, wadda ta yi zaman titi a Kinshasa bayan an jefe ta da maita, ta ci lambar gwarzuwar 'yar wasa a bikin Berlin na 2012 da fim ɗin Rebelle na Kim Nguyen, masu shiryawa kuma suka ɗauki nauyin karatunta da masaukinta. Haka Abraham Attah, da aka gano yana buga ƙwallo a Ghana, ya ci lamba a Venis a 2015 da Beasts of No Nation, wanda aka gina a kan littafin Uzodinma Iweala, daga baya ya tafi karatu Amurka.

Wannan ci gaba ne a fili idan aka kwatanta da zamanin De Sica, domin yanzu ana tambayar furodusa abin da ya tanadar wa yaron, kuma yana jin kunyar ya rasa amsa. Amma da yawa daga finafinan yaran soja suna da wani aibi, wato sukan ɓoye sunan ƙasa da musabbabin rikici da masu sayar da makamai da masu sayen lu'ulu'u da ma'adinai, sai yaƙin ya zama kamar wata ɗabi'a ce ta nahiyar wadda ba ta da tarihi. A nan ne aikin Mahamat-Saleh Haroun na Chadi ya bambanta. Haroun, haifaffen Abeche a 1961, an ji masa rauni a yaƙin basasar ƙasarsa yana matashi kafin ya fice ta Kamaru zuwa Faransa, kuma kusan ba ya nuna fagen fama sam. A fim ɗin Daratt na 2006, kaka ya miƙa wa jikansa ɗan shekara 16 bindiga bayan an yi wa masu laifin yaƙi afuwa, ya aike shi Njamena ya kashe wanda ya kashe mahaifinsa, sai yaron ya tarar da mutumin mai gidan burodi ne, ya zama yaron aikinsa yana koyon kwaɓa fulawa da bindigar a jikinsa. A Un homme qui crie na 2010, wanda ya ci lambar alƙalai a bikin Cannes, uba ne ya miƙa ɗansa ga soja domin ya koma kan aikin da ɗan ya gaje shi. Haroun ya nuna cewa yaƙi yana shiga gida ta hannun manyan da yaro ya amince da su, kuma ya yi haka ba tare da ya sa wani yaro ya sake rayuwa cikin abin da ya firgita shi ba.

Fim ɗin Capharnaüm na Nadine Labaki ta Labanon, wanda ya ci lambar alƙalai a Cannes a 2018, ya fito da sauran matsalar. Zain al-Rafeea, yaron da ya jagoranci fim ɗin, ɗan gudun hijirar Siriya ne daga Daraa wanda a lokacin yake zaune a unguwannin talakawan Beirut ba ya zuwa makaranta, kuma bayan fim ɗin an sake tsugunar da iyalinsa a Norway ta hannun hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Alheri ne babba a gare shi, sai dai kyamara yaro ɗaya take zaɓa a cikin dubbai, kuma mai kallon da ya ji labarin tsirarsa yana iya samun natsuwar da sauran yaran unguwar ba su ba shi dalilinta ba.

Wannan tarihi ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin rikicin Boko Haram ya bar marayu da 'yan gudun hijira a Borno da Yobe da Adamawa da Diffa da gaɓar tafkin Chadi, an sace 'yan mata 276 daga Chibok a watan Afrilu na 2014, ga kuma satar ɗalibai da ƙone ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato. An riga an fara ba da labarin: The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda aka ɗauka a jihar Taraba mafi yawansa da Hausa, ya bi sawun 'yan'uwa mata biyu Fulani da 'yan tayar da ƙayar baya suka sace, ya ci lambar fim mafi kyau a gasar AMAA ta 2020, Nijeriya kuma ta miƙa shi gasar Oscar. Babu shakka wasu za su biyo baya, daga Kano da Kaduna da Jos da Maiduguri da kuma ƙasashen waje, kuma sansanonin da yaran suke ba su da nisa da mai neman fuskar da za ta motsa zuciya. Ya wajaba a kan furodusoshi da ƙungiyoyinsu da hukumomin tace finafinai su tsara ƙa'ida tun yanzu: a karanta wa yaro da waliyyinsa labarin gaba ɗaya da harshen da suke ji kafin a nemi yardarsu, a ajiye masa haƙƙinsa da sunansa, a ɗauki nauyin karatunsa a rubuce, a sa wanda ya san lafiyar ƙwaƙwalwar yara ya tsaya a wurin ɗauka da ikon dakatar da aiki, kuma kada a nuna fuskar yarinyar da ta dawo daga hannun 'yan bindiga a garin da za ta ci gaba da zama a cikinsa.